Wa Ya Riƙe Miki Ƙafa?

Sahuayo, 6 ga Maris, 1994

Tilo nawa,

Ina gaishe ka, yara ma suna gaishe ka, da fatan takardar nan ta tarar da kai a tsaye, ba kwance da mura irin ta bara ba. Mu nan lafiya. 'Yarmu Noemi ta kusa fi na tsawo, kuma ta fara kallon madubi fiye da littafi. Yayarka Otilia tana nan daram, na san ma ta riga ni ba ka labarin garin kaf.

Na ce lafiya, amma ban da diddigena. Tun Kirsimeti nake ɓoye maka, yanzu abin ya fi ƙarfin ɓoyo. Da safe in na sauko daga gado, takun farko sai ka ce ƙusa na taka. Bango nake dafawa har kicin. In na ɗan zazzaga sai ya lafa, in na zauna gyaran masara na miƙe sai ya dawo sabo fil. Na hagun ya fi tsanani. Otilia ta ce sanyin ƙasa ne ya shige ni, ta shafa mini wani jiƙo mai warin tsiya har kwana tara, ban ga komai ba sai ƙaiƙayi.

Shekaranjiya na je wurin likita. Ta ce wata jijiya ce da ta taso daga diddige zuwa yatsu ta ƙarƙashin ƙafa, ta gaji da tsayuwa. Ta tambaye ni awa nawa nake yi a gaban kasko ina gasa tortiya, gurasar nan ta masara, kafin in kai kasuwa, da kuma irin daɓen gidanmu. Kada ranka ya ɓaci, Tilo, simintin nan ne da ka sa aka zuba mana. Layinmu kaf babu wadda ba ta yi ƙyashinsa ba, ni ma ina taƙama da shi, amma daɓen ƙasa ya fi tausayin ƙafa.

Ta hana ni yawo ba takalmi a cikin gida, ko daga gado zuwa banɗaki ne. Silifan roba ma ta ce in jefar. Wai in nemi mai gindi da tauri, wanda in ka kama shi da hannu biyu ba ya naɗewa a tsakiya sai wajen yatsu. Ya kasance da ɗan tudu a inda tafin ƙafa ya yi rami, diddige ya zauna a gurbi ya ɗan ɗaga, sannan da maɗauri ta baya don kada yatsu su riƙa wahalar riƙe shi. Na ce mata mijina yana Arewa, a Amurka, can ai babu abin da babu.

Ga zanen ƙafafuna biyu a kwali na naɗe maka. Ka kai shago ka ɗora takalmin a kai, don Allah kada ka saya da ka.

Ka riƙa cin abinci. Shekara uku ke nan, ban san ko ka rame ko ka yi tumbi ba.

Matarka,
Mina

Yakima, 2 ga Afrilu

Herminia,

Na samu takardarki, na gode Allah da kuke lafiya. Ni ma ƙalau, sai gajiyar tsani, muna ta rage rassan tuffa tun safe har yamma. Ki ce wa Noemi in na ji ta faɗi jarrabawa, madubin nan ni zan zo in fasa shi. Ciwon nan naki ya tsaya mini a rai, kuma ban ji daɗin ɓoyon da kika yi ba.

Wani ɗan garinmu, Don Crispin, zai taho gida ran Talata, na ba shi takalminki. Ruwan hoda ne, cikinsa gashi-gashi, laushi kamar auduga. Chayo, matar da ke dafa mana abinci a sansanin ma'aikata, ita ta raka ni shagon don tana jin Turanci. Ta zura ƙafarta ta ce ko mai ƙaya a diddige ya sa wannan sai ya yi rawa. Lamba ashirin da uku na ɗauko, lambarki tun ranar aurenmu. Kwalin ban kai ba. Ni ba sai an zana mini ƙafar matata ba.

Amma tunda maganar kwali ta zo, bari in tambaye ki. Na shimfiɗa shi na daɗe ina kallo. Layin nan jan hannu ɗaya ne, babu rawa babu gyara, da shuɗin fensir. A diddigen hagu an yi ɗan gicciye, a gefe an rubuta ƙananan lambobi. Tun ina yaro nake sa takalmin saƙa, na san dukawan Sahuayo ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ne ke aiki da shuɗin fensir yana sa gicciye a inda ƙafa ke ciwo. Kuma na san yadda ake yi. Mai ƙafa ya tsaya, baduku ya durƙusa, hannu ɗaya a idon sawu, ɗayan yana zagayawa.

To wa ya durƙusa a gabanki? Wa ya riƙe miki ƙafa? Dukawa sun fi ɗari a garin nan, haba, sai Fidencio? Wanda ya shekara biyu yana bin ki a dandali duk ranar Lahadi kafin in zo in ɗauke ki? Kuma na ji matarsa ta rasu bara. Kin ba ni labarin jiƙon Otilia da madubin Noemi, wannan ne kaɗai ya ɓace miki.

Ba zargi nake ba, tambaya ce. Amma tun ranar abinci ba ya mini daɗi.

Mijinki,
Rutilio

Sahuayo, 24 ga Afrilu

Ranka ya daɗe Don Rutilio, tunda yanzu mun koma cikakken suna,

Muna lafiya. Zafi ya shigo, ruwan famfo sai bayan kwana biyu. Don Crispin ya kawo saƙo, na gode. Na buɗe a gaban Otilia, ta yi ta "kai, kai, kayan Arewa!" Na zura ƙafa, diddigena ya leƙo waje da faɗin yatsa biyu. Na kama shi da hannu yadda likita ta nuna, ya naɗe gida biyu kamar tortiya mai zafi. Duk da haka na daure na wuni da shi don kada a ce na raina kyautar miji, washegari da rarrafe na isa kicin. Laushin nan da kuka yaba shi ne cutar, ƙafa nutsewa take babu abin da ya tallafe ta. Yanzu yana ƙafar Noemi, ya yi mata cif.

Ashirin da uku! Tilo, yarinyar da ta sa ashirin da uku shekarunta sha tara. Ta haifa maka uku tun daga nan, ta yi shekara ashirin a tsaye gaban wuta.

Eh, Fidencio ne. Ban faɗa ba don ban ga abin faɗa ba, ko kuwa don na san halinka. Likitar ce ta ce shi yake wa masu ciwon ƙafa aiki. Ya ce in zo da la'asar, lokacin da ƙafa ta gama kumburinta na wuni, don in aka zana da safe takalmin matsewa zai yi. Shagon a buɗe, a bakin titi, ma'aikatansa biyu suna saƙa, ga wani tsoho yana jiran a sa masa taya a gindin takalmi. Ya dubi tsohon silifana ya ga gefen da ya cinye, ya danna diddigen da babban yatsa har na yi ƙara, ya zana. Ko minti goma ba a yi ba. Kwali biyu ya yi, ɗaya naka, ɗaya ya ce zai rataye a ƙusa yadda kowane baduku yake yi. Ya ce in na Arewa bai yi ba, zai yi mini na cikin gida da fata mai tauri, ya gina tudun daidai ramin ƙafata. To na Arewa bai yi ba. Na ce ya fara.

Yanzu ni ma ga tawa tambayar, ba zargi ba ce. Wace ce Chayo? Shekarunta nawa? Ni an zana ƙafata a bainar jama'a ka kasa cin abinci, kai kuwa ka ɗauki wata ka kai ta shago, ka tsaya kana kallo tana zura ƙafa a takalmina. Ashe ƙafarta ce ashirin da uku. Ruwan hodan ma ita ta zaɓa ko? Yaushe ka taɓa ganina da ruwan hoda? Da na yi tunani sosai ko Noemi ba zan ba wa ba, bola zan kai shi.

Herminia

Yakima, 15 ga Mayu

Herminia,

Lafiyata ƙalau, in kin damu ki sani. Ki gaida yara.

Chayo ta kusa sittin, jikokinta bakwai, mijinta ne ke tuƙa mu gona kullum. Kada ki juya mini magana.

Otilia ta rubuto. Ta shiga shagon da kanta don ta gane wa idonta. Ta ce kwalinki ba ya cikin na jama'a, ƙusarsa daban take, kusa da bencin da yake zama. Kuma ba ɗaya ba ne, biyu ne. A bayan sabon akwai wani tsoho da ya yi ja, ƙaramar ƙafa, da sunanki na gidanku a jiki. Shekara ashirin da biyu mutumin nan yana ajiye da ƙafarki! Baduku zubar da kwali yake in mai shi ya shekara biyar bai dawo ba, ko ɗan yaye ya san wannan. Ta ce kin koma gwaji har sau biyu. Wane irin takalmi ne wannan, na amarya?

Ni ina nan ina hawa tsani cikin sanyi da rana, babu takardar izinin zama, ba na iya leƙowa gida don in na tsallako iyaka ban san ko zan iya komawa ba, wani kuwa yana can yana sanin wace ƙafarki ce ta fi wata. Mu 'yan Sahuayo goma sha ɗaya ne a sansanin nan, kuma kowa matarsa tana rubuto masa. Jiya wani ɗan iska ya tambaye ni ko takalmina ya tsufa, wai ya san wani baduku mai laushin hannu. Suka fashe da dariya. Da ƙyar aka riƙe ni.

Kishi nake, na faɗa, ba na jin kunyar faɗa. Zuciyata tafasa take. Ga maganata: ki je ki karɓo kwalayen nan duka biyu, ki bar masa takalminsa. Ba za ki taka gidana da abin da hannunsa ya saƙa ba. Ki ba ni lokaci, zan nemo miki wanda ya fi nasa.

Rutilio

Yakima, 10 ga Yuli

Mina,

Ina lafiya. Ke fa? Yara fa? Mako takwas ke nan babu ko layi ɗaya. Duk ranar Asabar in ana kiran sunayen masu wasiƙa ina tsaye kamar wawa har a naɗe jaka. Otilia ma ta yi gum, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta iya magana, kuma shirun nata ya fi ba ni tsoro.

Na kai kwalin shago. Ni kaɗai na je, da 'yan kalmomina na Turanci. Wani shago ne na masu ciwon ƙafa. Mai shagon ya sa tef a kai ya ce ta hagu ashirin da biyar, ta dama ta gaza da rabi. Na yi masa musu har sau biyu, ya juyo mini da tef ɗin na gani da idona. Ya dubi gicciyen da lambobin ya ce wanda ya yi wannan ya san aikinsa. Kamar in shaƙe shi.

Na saya miki baƙi, rufaffe, irin na ma'aikatan asibiti. Gindinsa kamar katako, na gwada naɗe shi da dukkan ƙarfina ya ƙi. Na sa shi a gidan waya tun ƙarshen Yuni. Ya iso? Ya yi?

Ko kuwa ba ki buƙatarsa ne don akwai wani a ƙafarki? In haka ne ki faɗa mini da bakinki, kada in ji a bakin 'yan sansani. Takardarki ta Afrilu ta kusa yagewa don karatu. Kin rubuta kin ce ya fara, ko ki ce bari in tambayi Tilo. A da ko kaza za ki sayar sai kin rubuto mini.

Ki rubuto, ko da zagi ne.

Tilo

Sahuayo, 3 ga Agusta

Tilo,

Yara lafiya, damina ma ta yi kyau. Ni ce ba lafiya, kuma wannan karon ba zan ɓoye ba.

Na yi abin da ka ce. Washegarin da takardarka ta zo na je shagon, a gaban ma'aikatansa na ce ya ba ni kwalayena. Ya sauko da su, ya kaɗe ƙura, ya miƙo mini. Takalmin yana kan benci an gama shi, har an shafa masa mai. Ko taɓawa ban yi ba. Na fito ina ɗingishi, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Gaskiyar Otilia ce, ya ajiye tsohon, ni ma sai ranar na sani. Wannan tsakaninsa da zuciyarsa ne, ni ban ba shi ajiya ba.

Daga nan na koma silifan roba, ciwon ya haye har ƙafar dama don ita nake ɗora wa nauyi. Mako shida rabona da kasko. Gurbina na kasuwa, wanda na gada daga mahaifiyata, yanzu wata ce a ciki. Wai aro ne, amma in ban koma ba kafin tsakiyar Satumba ya zama nata. Otilia ta yi gum ne don ita ke zuwa da safe ta kama ni zuwa banɗaki, kuma ta san bakinta ne ya jawo. Ni kuwa ban rubuto ba don duk wadda na fara ba ta aikawa ba ce.

Baƙin takalminka ya iso. Na gode, wannan karon da ido ka saya, tsawon ya yi. Amma tudunsa ya faɗi gaba da ramin ƙafata, yana tokare ni a inda ba a so, kuma a gaban wuta rufaffen takalmi dafa ƙafa yake. An yi shi ne don ƙafar kowa. Ina sa shi zuwa coci.

Ka ce in faɗa maka da bakina. To ga abin da Otilia ba ta gani ba. Ranar gwaji na biyu, da ya riƙe diddigena a tafin hannunsa yana duba gurbin, sai na fashe da kuka. Ya tsorata, ya ce, "Doña Herminia, na danna da ƙarfi ne?" Na ce eh. Ƙarya na yi. Shekara uku da rabi babu hannun da ya riƙe ni, wanda ya zo kuma ba shi nake jira ba. Kai na yi wa kuka, sakarai, a shagon wani.

Ranar ɗaya ga Satumba zan je in karɓi takalmin, in yana nan. Ba izini nake nema ba, ba zan rasa gurbin uwata a kan shuɗin fensir ba. Abu ɗaya nake so in sani kafin ranar. In na sa shi na tsaya gaban kaskona, har yanzu ni matarka ce, ko kuwa? In ka ce a'a zan sa shi duk da haka, in yi kukana a tsaye. Ka amsa da wuri, ka san gidan waya ba ya sauri.

Herminia

Yakima, 17 ga Agusta

Mina tawa,

Ina lafiya, an fara tsinkar tuffa. A gindin tsani na karanta takardarki, na hau na sauko da jaka wayam, har shugaban aiki ya tambaye ni ko zazzaɓi nake.

Ke matata ce, ki sa shi ko ki cire shi. Kin san nauyin bakina in an zo wurin ba da haƙuri, amma na cuce ki, ki yafe mini. Kishin bai tafi ba, kada in yi miki ƙarya, har yanzu in na rufe ido ganinsa nake a durƙushe. Sai dai kayana ne, ni ya kamata in ɗauka, ba diddigenki ba.

Kada ki jira ɗaya ga wata, ki je ranar da wannan ta iso. Ki tafi da Otilia ta riƙe ki, ai ta san hanya. Da an gama tuffa a Nuwamba zan taho, komawa kuwa Allah ya sani. Ga wata 'yar takarda a ciki, ban liƙe ba, ki karanta sannan ki miƙa masa. Huɗu na yaga kafin wannan.

Tilo

Don Fidencio,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyyar matarka, ko da yake ta makara. Rutilio ne. Ka san ni, ni ma na san ka.

Ni na sa aka zo aka ci maka fuska a shagonka, ba ita ba. Ka ba ta takalminta. Ƙafar dama ma ta kamu yanzu, don haka sai ka sake zanawa, ka gwada ko sau nawa aikin ya nema. Ka ƙara yi mata wani, ɗaya na gaban wuta, ɗaya na bakin gado. Sabon kwalin ka rataye shi cikin na jama'a. Tsohon ba zai dawo ba.

An ce mini a nan ka san aikinka. Ba na ƙaunarka, kuma ban ga ranar da zan fara ba. Amma ina roƙonka ka tsayar mini da ita a kan ƙafafunta kafin tsakiyar Satumba.

Sai abu ɗaya. In ta sake yin kuka kana riƙe da ƙafar, kada ka tambaye ta, kada ka lallashe ta. Ka sunkuyar da kai ka ci gaba da aikinka. Wannan kukan nawa ne.

Rutilio Barajas